An ba ni takardar tuhuma bayan na nemi albashina, me zan rubuta?

Tambayar ta fito ne daga wani akawun sito a wani kamfani mai zaman kansa da ke Kakuri. Ya ce shekararsa bakwai a wurin, kuma wata uku ke nan ba a biya su albashi ba. Da abin ya ishe shi sai ya rubuta a zauren WhatsApp na ma'aikata cewa wannan zalunci ne, kuma haƙƙin mutane ba zai bar wanda ya ci shi ba. Bayan kwana biyu aka miƙo masa takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, ana zarginsa da rashin ɗa'a da tunzura abokan aiki, aka haɗa da cewa katan 40 na kaya sun ɓata a siton, ko da yake su uku ne ke riƙe da makulli kuma rabon da a yi ƙidayar kaya an yi wata huɗu. An ba shi awa 48 ya amsa a rubuce. Wani babba a ofis ya ba shi shawarar ya rubuta ban-haƙuri ya haɗa da takardar ajiye aiki, wai ta haka za a biya shi cikin mutunci. Ya turo abin da ya fara rubutawa, wanda ya buɗe da "a yi haƙuri da kuskuren da ya faru", ya rufe da "Allah ya isa tsakanina da ku", yana tambayar ko ya miƙa haka.

Malam, na karanta saƙonka, kuma na fahimci halin da kake ciki, domin magidancin da ya yi wata uku yana zuwa aiki da rancen kuɗin mota, ga haya ga kuɗin makarantar yara, sannan a wayi gari a ce shi ne abin zargi, dole zuciyarsa ta tafasa. Amma ina roƙonka abu biyu kafin mu shiga bayani. Kada ka miƙa wannan takarda yadda take, kuma kada ka rubuta takardar ajiye aiki, ko da wanda ya ba ka shawarar da zuciya ɗaya ya bayar.

Kai a ganinka manajanku kake rubuta wa, alhali mai yiwuwa wanda zai yi wa takardar nan karatun ƙwaƙƙwafi alƙali ne da bai taɓa ganinka ba, bayan shekara biyu ko uku, lokacin da zafin abin ya huce, shaidunka sun watse, babu abin da ya saura sai abin da ke kan takarda. Kotun Ƙoli ta sha bayyanawa, ciki har da shari'ar Imonikhe da bankin Unity a 2011, cewa idan aka ba ma'aikaci takardar tuhuma ya amsa a rubuce, to an ba shi damar kare kansa ke nan, ba dole sai an zaunar da shi gaban kwamiti ba. Wato awa 48 ɗin nan da aka ba ka su ne zaman sauraronka, kuma abin da ka rubuta a cikinsu shi ne shaidarka. Duk wata hujja da kake da ita amma ka bar ta a ciki, idan ka zo da ita daga baya lauyan kamfani zai tambaye ka me ya hana ka faɗa tun lokacin, kuma tambaya ce mai wuyar amsawa.

Bari in daɗe a kan jimlarka ta farko, domin a nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. A wurin Bahaushe "a yi haƙuri" kalmar zaman tare ce. Ana faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ana faɗa wa babba ko da shi ne ba shi da gaskiya, don a kashe wutar magana kowa ya kama gabansa. Amma takardun ofis da Turanci ake rubuta su, kuma da zarar an juya wannan kalma zuwa Turanci sai ta tashi daga ladabi ta koma amsa laifi. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a kafa hujja a kan mutum da abin da ya amsa da kansa, kuma babu shaidar da ta fi wadda mutum ya sa wa hannu nauyi a kansa. Shekarun baya wani direba ya zo ofishina da takardunsa a cikin baƙar leda, an kore shi bisa zargin cewa man dizal yana raguwa a motarsa. Da aka ba shi takardar tuhuma sai ya tafi wani shagon buga takardu, ya ce wa yaron da ke kan kwamfuta ya rubuta musu su yi haƙuri. Yaron ya ɗauko wata tsohuwar wasiƙa da ke ajiye a na'urar, ya canza suna da kwanan wata, a cikinta an ce na amsa kuskurena kuma na yi alkawarin ba zan sake ba. Ranar da aka sa direban nan a akwatin shaida, lauyan kamfani ya miƙa masa takardar ya ce wannan sa hannunka ne, ya ce e. Ya ce to mene ne abin da ka yi alkawarin ba za ka sake ba? Bawan Allahn nan ya yi shiru ya juyo ya dube ni, can ya ce shi fa girmamawa ya yi. Na yarda da shi har zuciyata, kuma har yau ina ganin bai sha man nan ba, amma kotu abin da ke rubuce take dubawa, ba ta da hanyar leƙa abin da ke cikin ransa ranar da ya sa hannu.

Kai kuwa naka ya fi nasa haɗari, domin ɓatan katan 40 zargi ne da za a iya mayarwa cin amana a kai wa 'yan sanda, kuma takardar farko da za a ɗora a kan teburin mai bincike ita ce wadda ka ce a yi haƙuri da kuskuren da ya faru. Wane kuskure? Kai ka san nufinka shi ne hayaniyar da ta tashi, su kuwa za su ce kayan kake nufi. Saboda haka ka yi ladabi a gaisuwa da rufewa, ka kira shi Yallaɓai, ka gode da damar da aka ba ka ta yin bayani, amma a tsakiyar takarda kada kalmar kuskure ko sakaci ko neman gafara ta fito a kan abin da ba ka aikata ba.

Yadda za ka amsa shi ne ka ɗauki zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka jero su, kowanne ka faɗi abin da ka amince da shi, da abin da ka musanta, da abin da ba za ka iya amsawa ba sai ka ga takardu. Game da kaya, abin da nake so ya fito, da kalmominka, ya yi kama da haka: "Ban ɗauki ko katan ɗaya ba, ban kuma ba kowa izinin fitar da kaya ba tare da takardar fitarwa ba. Makullin sito yana hannun mutum uku, ni da mai kula da sashe da kuma wane. Ƙidayar kaya ta ƙarshe an yi ta ranar kaza ga watan kaza, kuma an sa hannu a kanta ba tare da an sami giɓi ba. Takardar tuhuma ba ta bayyana irin kayan da suka ɓata ba, ko ranar da aka gano, ko wanda ya yi ƙidayar. Ina neman a ba ni kwafin rahoton ƙidayar da takardun shigar kaya da fitarsu daga wancan lokaci zuwa yau, kuma a shirye nake a sake ƙidaya a gabana." Ka lura babu inda ka ce wane ne ya sata. Ka dai faɗi cewa hannu uku ne a kan makulli, ka bar mai karatu ya yi lissafi da kansa. Idan ka ce mai kula da sashe ne ɓarawon ba tare da hujja a hannu ba, ka buɗe wa kanka wata shari'ar, domin ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod ta Jihar Kaduna, ban da diyyar da mutum zai iya nema a kotu.

Akwai sharaɗi a nan da ba zan ɓoye maka ba. Idan ka san akwai inda ka yi sakaci, misali ka taɓa barin wani ya fitar da kaya da alkawarin zai kawo takarda daga baya, kada ka yi ƙarya a amsarka. Ka faɗi abin daidai girmansa, da ranar da ya faru, da wanda ya ba da umarni, ka tsaya a nan. Zaɓen kalmomi da nake magana a kai hanya ce ta hana a ɗora maka abin da ya fi laifinka, ban kawo shi don a rufe gaskiya ba, kuma ƙaryar da aka kama a takarda guda takan rusa duk sauran maganar mutum ko da gaskiya ce.

Sai batun saƙon WhatsApp. Kada ka musanta shi kuma kada ka goge shi, domin wani ya riga ya ɗauki hotonsa, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ya buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗansa. Ka amince kai ka rubuta, ka kawo kalmomin yadda suke ba ƙari ba ragi, ka bayyana cewa ka rubuta ne bayan wata uku ba albashi, a zauren da ma'aikata kaɗai ke ciki, ba ka ambaci sunan kowa ba, ba ka kuma kira kowa ya daina aiki ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin yajin aiki yana da matakan da doka ta shimfiɗa ta hannun ƙungiya, mutum ɗaya ba ya kiransa, amma tambayar albashi ba tunzurawa ba ce. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ma'aikata 'yancin haɗuwa don kare muradunsu, sashe na 9 na Dokar Ƙwadago kuma ya hana a kori mutum saboda kasancewarsa ɗan ƙungiya. Idan kana ganin lafazinka ya yi zafi, kana iya cewa ba ka yi nufin cin mutuncin kowa ba, wannan ya isa, kuma ya bambanta da cewa ka yi laifi.

Daga yau kuma ka kame hannunka daga zauren nan da Facebook. Na san abin da ke zuciyarka, kuma addini bai hana wanda aka zalunta ya yi kuka ba, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ware shi daga cikin waɗanda aka hana bayyana mummunar magana. Sai dai Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, da aka aike su wurin Fir'auna, magana mai laushi aka umarce su su faɗa masa, alhali saƙon da suka kai ba a rage masa komai ba. Abin da nake nema gare ka ke nan. "Allah ya isa" da ka rufe takardarka da ita addu'a ce tsakaninka da Ubangijinka, ka yi ta a sujada, amma a takardar ofis za a karanta ta a matsayin rashin ɗa'a na biyu, wanda wannan karon kai ka sa masa hannu. Kalmomi irin su "za ku gani" da "sai na ga bayanku" sun fi wannan muni, domin ana iya mayar da su barazana, kuma an sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama mutane saboda abin da suka wallafa, har bayan gyaran da aka yi masa a 2024. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ko bunun ba ka isa ka ɓoye ba.

Maganar albashi kada ka cusa ta cikin amsar tuhuma sai dai a jimla ɗaya, ka yi mata takarda ta daban. A nan kuma kuskuren mutanenmu kishiyar na farko ne, wato su mayar da haƙƙi roƙo. Sai ka ga takarda ta cika da a taimaka mana, a dubi Allah a dube mu, a tausaya wa iyalanmu, ka karanta har ƙarshe ba ka ga watan da ake bi ba ko adadin kuɗin. Irin wannan takarda ba ta tabbatar da bashi. Ka rubuta cewa kana bin albashin wata kaza da kaza da kaza, kowane wata naira kaza, jimilla kaza, kana neman a biya cikin kwana bakwai ko goma sha huɗu, idan kuma kamfani yana ganin lissafin ba haka yake ba ya bayyana a rubuce. Sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ya ce albashi yana wajaba a ƙarshen kowane wa'adin da aka yi yarjejeniya a kai, kuma tazarar biya ba za ta wuce wata guda ba. Sashe na 5 ya hana a yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara, idan kuma ana so a cire wani abu saboda asarar da ya jawo da gangan ko sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna, sannan jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Don haka idan aka ce za a riƙe albashinka na wata uku a madadin katan 40, wannan ba hukuncin da manaja zai yanke a ofishinsa ba ne. Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawuna irinka, domin sashe na 91 ya fitar da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, su takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu.

Ka duba asusun fanshonka ma. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, a cire maka kashi 8, a tura duka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya kasa biyan albashi sau da yawa ya daɗe da daina tura wannan, ko da yana cirewa. Ka karɓo bayanin asusun daga kamfanin fanshonka, idan akwai giɓi ka sa shi a takardar, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Yanzu ga shawarar ajiye aiki, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a saƙonka. Akwai kalmomi uku da muke haɗawa a baki mu ce mutum ya bar aiki, amma a doka kowacce da ƙofar da take buɗewa da wadda take rufewa. Sallama ita ce kamfani ya kawo ƙarshen yarjejeniya ba tare da ɗora maka laifi ba, sai ya ba ka notis ko kuɗin notis da sauran haƙƙoƙinka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata guda ga mai shekara biyar zuwa sama, wato kai, sai fa idan takardar ɗaukarka ta ba ka fiye da haka. Kora kuwa hukunci ce a kan babban laifi, babu notis, galibi babu garatuti, ga tabo da zai bi mutum duk inda ya nemi aiki, shi ya sa idan kamfani ya ambaci dalilin kora aka je kotu, shi ne zai tabbatar da dalilin. Ajiye aiki kai ne ka tafi da ƙafarka. Da zarar takardar ta shiga hannunsu ta fara aiki, ba ka da ikon janye ta sai sun yarda, kuma ka sauke musu nauyin tabbatar da komai. Gaskiya ne Kotun Ma'aikata tana karɓar ƙarar wanda aka matsa wa har ya ajiye aiki, tana ɗaukar hakan tamkar kora, amma a lokacin kai ne za ka kawo hujjar matsin, ga kuma takardarka a gabansu tana cewa ka gode da zaman da aka yi.

Zan faɗa maka abin da nake zato, bisa yawan irin wannan da na gani. Kamfanin da ya yi wata uku bai biya albashi ba yana cikin matsi, kuma ma'aikacin da ya shekara bakwai yana da tsadar sallama. Idan rage ma'aikata suke son yi, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce su sanar da ƙungiya ko wakilan ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, su bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, su kuma yi iya ƙoƙarinsu wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Takardar tuhuma da ban-haƙuri da ajiye aiki hanya ce mai arha ta tsallake duk wannan. Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Wanda yake bin kamfani mai tangal-tangal bashi, abin da ya fi buƙata shi ne rubutacciyar shaidar bashin tun ƙofa tana buɗe.

Idan sun zo da maganar sulhu, ban ce ka ƙi ba, sau da yawa ma sulhu ya fi shari'a alheri ga mai iyali. Amma a rubuta adadin kuɗin da ranar biya, a rubuta cewa an janye tuhumar, kuɗin su shiga asusunka ko a ba ka cek ɗin banki, sannan ka sa hannu. Ka kula da duk takardar da ke cewa ka karɓi wannan a matsayin cikakken haƙƙinka na ƙarshe kuma ba ka da sauran da'awa, domin jimla ce guda da ke iya rufe maka ƙofar kotu. Haka nan duk takardar da aka miƙo maka, akwai bambanci tsakanin na karɓa da na amince. Idan don shaidar karɓa ake so ka sa hannu, ka rubuta da hannunka a saman sa hannun cewa ka karɓa ne kawai, ka sa rana da lokaci. Ƙin karɓar takarda ba ya amfanar kowa, sai dai ya zama wani laifin da za a ƙara a lissafi.

Idan abin ya ƙi daidaituwa, hanyoyi suna nan kuma ba duka ke cin kuɗi ba. Idan kuna da ƙungiya ka fara da ita. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a nan Kaduna, jami'anta sukan kira ɓangarorin biyu su zauna. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana sauraron ƙorafi a kan kamfanoni ma ba gwamnati kaɗai ba, kyauta, amma tana son a kawo kuka cikin wata goma sha biyu. Sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna. Tun gyaran Kundin Tsarin Mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar aiki da albashi, ya kuma ba ta damar duba rashin adalci a wurin aiki da auna shi da kyakkyawan tsarin da duniya ke bi. Da wannan dama ce kotun ta yanke a shari'o'i da dama cewa bai dace a sallami ma'aikaci ba tare da ingantaccen dalili ba, tana dogaro da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, saɓanin tsohuwar ƙa'idar da ke cewa ubangida yana iya sallamar yaronsa da dalili ko babu. Sai dai kada in sa maka dogon buri: a kamfani mai zaman kansa abin da aka fi samu shi ne kuɗi, wato bashin albashi da kuɗin notis da diyya, da kuma mayar da kora ta zama sallama. Mayar da mutum bakin aikinsa ya fi faruwa ga ma'aikatan gwamnati waɗanda doka ce ta tsara aikinsu, kamar yadda aka yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Su kuma ina ba su shawarar kada su bari wata uku ya wuce ba su shigar da ƙara ba, saboda dokar kare jami'an gwamnati da ake yawan jawowa a kore musu ƙara tun ba a shiga cikinta ba.

Idan kuwa aka kira ka ofishin 'yan sanda, ka je, kada ka gudu, amma ka sani sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, kuma kada ka sa hannu a bayanin da wani ya rubuta sai an karanta maka shi an fassara ka gamsu. Kada ka yarda a sa ka rubuta alkawarin biyan kuɗin kaya don a sake ka, domin wannan takarda ita ma amsa laifi ce. Majalisar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofis a jihar nan don waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya.

Abin da ya rage shi ne aikin daren yau. Ka tattaro takardar ɗaukarka aiki, da littafin dokokin kamfani idan an taɓa ba ka, da takardun albashi ko saƙonnin banki na shekarar nan, da katin shaida, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wajen ofis, amma kada ka kwashi takardun kamfani da ba naka ba. Idan ba a taɓa ba ka takardar ɗauka ba, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa kamfani bayar da ita cikin wata uku da fara aiki, kuma saƙonnin banki na shekara bakwai sun isa su nuna kai ma'aikacinsu ne. Ka fara rubuta amsar da Hausa yadda kake nufi, sannan wanda ka amince da Turancinsa ya juya, ya sake karanta maka jimla bayan jimla yana mayarwa Hausa, duk inda ka ji abin da ba ka faɗa ba a goge. Idan da hali lauya ko jami'in ƙungiya ya duba kafin ka miƙa, tare da takardar ɗaukarka, domin wani lokaci a cikinta ake samun matakin ladabtarwa da kamfanin da kansa ya tsallake. Idan lokaci ya ƙure, ka miƙa gajeriyar amsa da ke musanta zargin cikin wa'adi, ka nemi ƙarin kwanaki da takardun da ka lissafa, ka ce za ka kawo cikakken bayani bayan ka gan su.

Ka buga kwafi biyu na kowace takarda, ka kai da kanka, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Idan sakatare ya ce an hana shi bugawa, kada ka yi masa faɗa, shi ma albashinsa yake bi. Ka rubuta ranar da lokacin a littafinka, ka fita ka aika takardun ta imel ɗin kamfani da kuma kamfanin kai saƙo mai ba da rasit, duk kafin awa 48 ɗin su cika, sannan washegari ka je aiki a kan lokaci ka sa hannu a rajista kamar kullum.